Motar da ake ɗura wa iska kamar taya: gaskiya ce ko romon baka?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare aka turo min wani bidiyo, na kalle shi ya fi sau biyar. Wata 'yar mota ce a Faransa, kamar an fafe ƙwai an sa masa tayoyi, ko sitiyari babu, da wata ƙaramar sanda ake juya ta. Wai ba ta shan fetur, ba ta shan gas, iska ake ɗura mata ta kama hanya. Ni da kullum sai na zuba wa Adaidaita mai kafin in haɗa ko kuɗin balas, kun san abin da zuciyata ta raya min. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aikin nan ya koma kamar gidan mai muke yi wa bauta. Masana, gaskiya ne? In gaskiya ne, me ake jira?

Ɗan Bakin Tasha:
Motar iska? To in ta tsaya a hanya bakanike za a kira ko mai ruƙiyya?

Maman Hanifa:
Kai dai ba ka rabo da shaƙiyanci. Bari masu ilimi su yi magana.

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, bidiyon ba haɗi ba ne, motar akwai ta. Sunanta AIRPod, kamfanin MDI ne ya ƙera ta a wani gari da ake kira Carros, kusa da Nice a kudancin Faransa. Mai kamfanin, Guy Nègre, ba ƙaramin injiniya ba ne, ya taɓa ƙera injin motar tsere. Tun shekarun 1990 yake kan wannan aiki. Ina ɗalibi na fara karanta labarinsa a jaridun Faransanci, kowace shekara sai a ce baɗi za ta shigo kasuwa. Na gama makaranta, na yi aure, aka yi min haihuwa, ana nan ana baɗi. Mutumin ya rasu a 2016 bai ga ranar ba.

Sarkin Yaƙi:
Ai ba za su taɓa bari ba! Kai kana ganin manyan kamfanonin mai za su zura ido a kawo motar da iskar Allah ce manta? Duk wanda ya fito da abin da zai taɓa musu tuwo, ko su saye shi su binne, ko su shafa masa baƙin fenti. Wannan ba sai an je jami'a ba.

Malam Habu:
Sarkin Yaƙi, ranka ya daɗe, kafin mu kai ga masu mai bari mu gyara kalma ɗaya. Iska ba mai ba ce. Fetur yana da ƙarfi a jikinsa tun daga rijiya, kai dai ka kunna masa wuta. Iskar da muke shaƙa kuwa ba ta iya tura ko kwalin ashana a cikin inji sai an danne ta, kuma dannewar nan ita ce aikin. Kamar tankin ruwan da ke saman gidanka ne. In ka buɗe famfo ruwa ya zubo da ƙarfi, ba za ka ce ruwan ne ya hau sama da kansa ba, akwai injin da ya sha wuta ko mai ya tura shi. Tukunyar motar nan ma haka take, ma'ajiya ce kawai, 'yar'uwar batir. Don haka tambayar ba “iska kyauta ce?” ba, tambayar ita ce wa zai danne ta, da me, kuma nawa za ta mayar maka daga abin da ka ba ta ajiya.

Oga Sale Mai Faci:
Malam ya taɓo inda nake. Shekara ashirin da wani abu ina ba taya iska, ban taɓa samun ta kyauta ba. In akwai wuta mita na gudu, in babu janareta na sha. Mutum ya zo ka ba shi iska ka ce ya kawo ɗari biyu, ya ce haba Oga, iska ce fa. Sai in ce masa to hura da bakinka.

Ɗan Bakin Tasha:
Oga Sale ka ga kasuwa ta buɗe maka. Gobe sai mu ga allo: Gidan Man Oga Sale, lita ɗaya ta iska naira hamsin.

Malam Habu:
Oga Sale, geji nawa kake sa wa ƙaramar mota? Kuma tankinka a nawa yake yankewa?

Oga Sale Mai Faci:
Ƙaramar mota 32 zuwa 35. Tankina in allura ta kai wajen 140 sai in kashe, ba na yarda ta wuce.

Malam Habu:
Madalla. A awon da injiniyoyi ke kira bar, wanda ɗayansa ya yi kusan nauyin iskar da muke zaune a cikinta, tayar nan tana bar 2 da 'yan kai, tankinka kuma bai wuce bar 10 ba. Motocin iska irin waɗanda ake magana suna neman wajen bar 250 zuwa 300. A gejinka, bar 300 ya haura 4,300. Ka ga allurarka ma ba ta da wurin nuna shi. Sai kwamfureso mai hawa uku ko huɗu, irin wanda ake cika wa 'yan kwana-kwana da masu nutso a teku tukwanen numfashi.

Yanzu ga lissafin, kowa ya riƙe alƙalami. A ce tukunyar tana cin lita 300, wato durom ɗaya da rabi, an danna mata iska har bar 300. Iskar kaɗai ta kusa kilo 100, buhun masara guda ke nan ka ɗauka kafin fasinja ya hau. Iyakar ƙarfin da za a iya tatsa daga ciki, a takarda, in ba a yi asarar komai ba, bai wuce yunit 14 na lantarki ba. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da wajen yunit 9. Wato durom ɗaya da rabi na matsattsiyar iska ya tashi a fetur lita ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Galan ɗin ɗan bumburutu ya ninka shi.

Injiniya Bala:
Malam, a nan zan ja da kai kaɗan, don a yi wa iska adalci. Wancan yunit 9 na fetur ai ba duka ke isa taya ba. Injin fetur kashi ɗaya cikin huɗu yake mayarwa tafiya, saura duk zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. In ka gyara lissafin, tukunyar taka ta tashi a aikin lita shida, ba ɗaya da rabi ba. Lita shida a Adaidaita ba abin rainawa ba ne, Baban Khalifa ya faɗa mana.

Sannan akwai abubuwan da batir ba zai gwada mata ba. Tukunya ba ta gajiya kamar batir, ka cika ka juye sau dubbai tana nan. Ba ta bukatar ma'adinan da ake tono don batir. In akwai babbar ma'ajiya a tasha, cikin 'yan mintoci an cika maka. Ba hayaƙi a cikin gari. Kuma iskar da ke fita daga injin sanyi ƙalau take, ka samu na'urar sanyaya mota a banza. Wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Kano a watan Afrilu ya san wannan ba ƙaramar kyauta ba ce.

Baban Khalifa:
Lita shida kam tana yi min nisa, wallahi. Injiniya ka dawo min da rai.

Malam Habu:
Gyaran Injiniya daidai ne, na karɓa. Amma sanyin nan da ya yaba, a nan gizo ke saƙar. Oga Sale, in injinka ya yi minti goma yana aiki, kana iya ɗora hannu a kansa?

Oga Sale Mai Faci:
Ina! Wani yarona sabon zuwa ya jingina damtse da bututun da ke fita daga kan injin, har yau tabon na nan kamar an yi masa lalas. Amma in ka bar tankin ya kwana, da safe sanyi za ka ji shi, kuma allura ta ɗan sauka ko da babu inda yake yoyo. Da can ina zargin yara ne ke sata su ba abokansu iska.

Malam Habu:
Ba yara ba ne, zafin ne ya gudu. Kowa ya taɓa ba keke iska ya san gindin famfo yana ɗaukar zafi. Duk lokacin da ka danne iska, wani kaso na ƙarfinka yana komawa zafi, kuma zafin nan ba ya zama a tukunya, bin iskar gari yake. Kuɗinka ne ke tafiya. In ka zo sakin ta kuma sai abin ya juye: tana faɗaɗa tana sandarewa. Ku danna bawul ɗin taya ku sa yatsa, za ku ji sanyi, alhali wannan bar 2 ce kawai. Daga ɗaruruwan bar sanyin yana wuce na firiza nesa ba kusa ba. Iska mai sanyi kuwa tsukewa take, ba ta tura fistin da ƙarfi, kuma in akwai ɗan laima a cikinta sai ya zama ƙanƙara ya toshe hanya. Wancan yunit 14 ba ya fitowa sai in iskar ta samu sararin aro zafi daga waje a hankali a hankali, mota kuma ba ta da wannan haƙurin, ana taka totur take son amsa. In an samu rabi an yi ƙoƙari. Lita shidan Injiniya ta koma uku.

Direban Tirela:
Maganar laima gaskiya ce. Mu da iska muke taka birki. Kowace safiya sai na ja zaren da ke ƙasan tanki, ka ga ruwa ya fito fyuu, wani lokaci har da tsatsa. Abokanmu da suka yi tuƙi a ƙasashen sanyi sun ce can in ka yi sakaci ruwan daskarewa yake a cikin layi. Kuma ku lura, a tirela ma injin gas ne ke juya kwamfureson. In mota ta kwana iska ta zube, sai ka tayar da inji ka zauna kana kallon geji kafin birki ya sake ka.

Ɗan Maraɗi:
Abin da zai ba ku mamaki, Faransawa sun san wannan matsala tun kafin a haifi kakanninmu. A birnin Nantes an fara jigilar mutane da taragon cikin gari mai aiki da matsattsiyar iska a 1879, ƙirar wani injiniya Louis Mékarski. Dabarar da ya yi ita ce ya sa tukunyar tafasasshen ruwa a gaban taragon, iskar ta ratsa ta ciki ta ɗumama kafin ta shiga inji. Sun yi shekara talatin da wani abu suna aiki, har a Paris an yi amfani da su. Zuwa 1917 an sauke su a Nantes. Sarkin Yaƙi, ka san abin da ya kore su? Taragon lantarki. Ba mai fetur ko ɗaya a cikin zancen.

Sarkin Yaƙi:
Wannan zamanin da ne. Ni na yanzu nake magana. An ce har Indiyawa sun sa hannu za su ƙera, sai aka ji shiru. Shirun nan na mene ne?

Ɗan Maraɗi:
Haka ne, kamfanin Tata ya ƙulla yarjejeniya da MDI a 2007. A 2012 suka ba da sanarwar cewa sun kammala matakin farko na gwaji. Daga nan ba a ga mota a kanti ba.

Malam Habu:
Kuma wannan misalin gare ni yake aiki, ba gare ka ba, ranka ya daɗe. Indiya tana sayo fiye da kashi 80 cikin ɗari na ɗanyen man da take sha daga waje. Ƙasar da ke zubar da dala haka a kan mai, da ta samu motar iska mai aiki da gaske, wa ya isa ya hana ta? Tata kuma su ne suka yi Nano don talaka ya hau mota. Sannan in masu mai suna da ikon binne kishiya, me ya sa ba su binne motar batir ba? Ita ce ke cin kasuwarsu da gaske, ga Sin na ƙera su miliyoyi duk shekara.

Injiniya Bala:
Ƙari a kan haka, Peugeot da Citroën sun gwada wata hanya da ni na fi ganin hankali a cikinta. A 2013 suka nuna abin da suka kira Hybrid Air: injin fetur yana nan, sai aka ƙara tukunyar matsattsiyar iska da ke tara ƙarfin da ake zubarwa wajen taka birki, ta mayar da shi wajen tashi. Ga mai tsaya-tashi a cikin gari irin Baban Khalifa, a nan riba take. Sun ce za ta fito a 2016, amma suka jingine aikin saboda ba su samu abokin da za su raba kuɗin ƙira da shi ba. Wannan kam ina jin takaicinsa har yau.

Ɗan Bakin Tasha:
Ni dai na ji an ce ta Japan ta yi gudun tsiya.

Injiniya Bala:
Ku:Rin ke nan, ta wani reshen Toyota, a 2011. Mai taya uku, mutum ɗaya take ɗauka, ta yi gudun kilomita 129 a awa. Iskarta kuma a kilomita 3 da 'yan kai take ƙarewa.

Ɗan Bakin Tasha:
Ashe gudun ɗan iska ne, ba nisa.

Maman Hanifa:
Ni duk lissafin nan bai dame ni ba kamar abu ɗaya. Tukunyar gas ɗin girki ma a waje nake ajiye ta saboda tsoro. Yanzu a ce in ɗauki yara in zaunar da su a kan abin da Malam ya ce ya ninka tankin Oga Sale sau talatin? Da ramukan hanyoyinmu?

Oga Sale Mai Faci:
Hajiya, tsoronki na kan hanya. Na ga tayar babbar mota ta fashe ana cikin ba ta iska, geji bai fi ɗari da 'yan kai ba. Zoben ƙarfen ya tashi ya huda kwanon rumfar mai shayi, mu duka muka yi kwana biyu kunne na ƙara. Allah ne Ya tsare ba wanda ke tsaye a saitinsa. Tun ranar ba na barin yaro ya tsuguna a gaban taya.

Injiniya Bala:
Allah Ya ƙara tsarewa. Amma Hajiya, iska tana da falala ɗaya, ba ta kamawa da wuta. Tukwanen kuma da zaren kabon ake naɗa su, masu ƙirar suna cewa tsagewa suke ba tarwatsewa ba. Ai motocin da ake ta juyawa zuwa CNG, wato matsattsiyar iskar gas, su ma bar 200 suke ɗauka a but. Haɗarin yana zuwa ne in an shigo da aikin ƙwaƙwalwar gareji, kamar motar da ta fashe a tashar gas a birnin Benin a watan Oktoban 2024, wadda hukuma ta ce tukunyarta haɗin walda ce ba mai inganci ba.

Baban Khalifa:
To tsaya Injiniya. In CNG ma matsa shi ake, me ya sa shi yake kai mutum nesa?

Malam Habu:
Saboda shi mai ne. Ana matsa shi ne kawai don ya samu wurin zama, ƙarfinsa a ƙonewa yake. Ka ɗauki tukwane biyu iri ɗaya, matsi ɗaya, ɗaya gas ɗaya iska, ta gas ta ninka ta iska a ƙarfi fiye da sau hamsin. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun auna wannan magana a 2009, suka ce motar iska ta gaza motar batir nesa wajen tattalin wuta, kuma in da gawayin kwal aka samar da lantarkin, hayaƙin da aka fitar dominta ya fi na motar fetur. Hayaƙin bai ɓace ba, tashar wuta aka kai shi.

Mu kawo shi gida. Don ka cusa yunit 14 a tukunya, da asarar zafin nan, a ƙiyasina sai ka ja sama da yunit 20 daga bango. In babu wuta ka koma kan ƙaramin janareta, wanda da ƙyar yake ba ka yunit biyu a lita, za ka ƙona lita goma da wani abu. Ka samu tafiyar lita uku.

Baban Khalifa:
Innalillahi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Injiniya Bala:
Sai dai sola. Rana dai muna da ita har ta yi yawa.

Malam Habu:
Ko da sola, faifan kuɗi ne. Ka ba batir goma ya mayar maka takwas ko tara, ka ba tukunyar iska goma da ƙyar ka ga uku a taya. Kana da amintattu biyu, wa za ka ba ajiya? Ban ce iska ba ta da gidanta ba. A ramukan haƙar ma'adinai, inda tartsatsi ɗaya zai iya tayar da gobara, an daɗe ana jan kaya da taragon iska. A Huntorf ta Jamus tun 1978 suke danna iska a kogon gishiri a ƙarƙashin ƙasa su sako ta lokacin da ake neman wuta, kuma ko su sai sun ƙona gas sun ɗumama ta. Inda wuri ba matsala ba ne, ko inda wuta haɗari ce, tana da amfani. A ƙarƙashin kujerar Adaidaita ne ba ta da wurin zama.

Sarkin Yaƙi:
Ku dai 'yan boko kun iya rufe baki da lissafi. Ni har yanzu ina da ja. In an zuba mata kuɗin da aka zuba wa batir, da wani zancen ake.

Injiniya Bala:
A kan kuɗin bincike ina tare da kai rabi, musamman irin ta Peugeot. Amma kuɗi ba ya hana iska yin zafi in an danne ta.

Baban Khalifa:
Na gode jama'a. Bari in ci gaba da tara kuɗin juyawa zuwa CNG, in layin tashar bai kashe ni ba. Wanda ya turo min bidiyon ma na tura masa lissafin Malam, ya karanta bai ce komai ba.

Malam Habu:
Oga Sale, wata alfarma. Ina so in kawo ɗalibaina 'yan aji biyar wurinka ranar Asabar, su taɓa kan injin daga nesa-nesa su ji zafi, su sa hannu a bakin tiyo su ji sanyi. Na yi shekaru ina zana musu wannan a allo suna hamma.

Oga Sale Mai Faci:
Bismillah Malam, ku zo da hantsi kafin masu tirela su cika wurin. Ka ce su sa takalmi rufaffe. Kuma ka taho da kuɗin lita biyu, don yau kwana uku ke nan ba mu ga wuta ba a layinmu.